Masu Awon Dalma da Zaiba a Bakin Bahar Maliya

Duk matashin da aka turo mana koyon aiki, da ɗokin na'ura yake shigowa. Ya gama jami'a, ya karanta kimiyyar teku ko ta sinadarai, ya ji labarin wata na'ura da ake ɗiga mata ruwa ta faɗi yawan dalmar da ke ciki, shi ke nan so yake a zaunar da shi gabanta. Mu kuwa abin da muke miƙa masa ranar farko shi ne safar hannu da bahon roba da tarin kwalabe, mu ce bismilla, a fara wanki. Wasu sukan ɓata rai. Wani ya taɓa ce mini, "Ustaz, ni fa ba wanke-wanke na zo yi ba." Na ce masa ya yi haƙuri, domin duk lambar da zai rubuta a wannan sana'a har ya tsufa, a cikin bahon nan ake yanke mata hukunci, ko ta zama gaskiya ko ta zama ƙarya.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a Bur Sudan. A Gadarif aka haife ni. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Hajji, hanya ta zaunar da su a nan. Noman dawa da riɗi muka gada, ba kamun kifi ba. Karatu ne ya kawo ni bakin teku, aiki kuma ya riƙe ni, har ga shi yau furfura ta fito ina koya wa 'ya'yan wasu yadda ake gane ko ƙarafa masu guba sun fara taruwa a ruwan gaɓarmu: dalma, zaiba, kadmiyom, jan ƙarfe, tutiya da sauransu.

Sai mutum ya san halin tekun nan kafin ya gane abin da ya sa muke damuwa. Tekun Bahar Maliya siriri ne, tsawonsa wajen kilomita 2,000, ƙofarsa ta kudu ita ce Babul Mandab, ta arewa kuma mashigin Suwez da aka buɗe a 1869. Babu kogi ko ɗaya mai gudu duk shekara da ke zuba cikinsa. Rana tana ƙafar da kusan mita 2 na ruwansa kowace shekara, shi ya sa gishirinsa ya kai giram 40 a lita ɗaya, alhali yawancin tekunan duniya 35 ne. Ga kuma duwatsun murjani da suka yi wa gaɓa katanga, suka bar wasu lunguna da ake kira marsa, inda ruwa ke kwanciya luf. A kan irin wannan lungu aka fara gina Bur Sudan a 1905, da manyan jirage suka fi ƙarfin tsohuwar tashar Sawakin. Abin da ya sa marsa ta zama mafaka ga jirgi, shi ne kuma ya sa abin da aka zuba mata ba ya saurin fita.

Abubuwan da ake zubawar kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Fentin da ake shafa wa gindin jirgi don hana tsiro da ƙumba mannewa, jan ƙarfe ne a cikinsa. Dunƙulen tutiya da ake ɗaura wa jirgi don ya ci tsatsa a madadinsa, narkewa yake yi a ruwa a hankali. Ga baƙin mai na gareji, ga tsofaffin batura, ga ruwan kwata, ga dalmar da masunta ke ɗaura wa koma da ƙugiya. Ƙarfe kuma ba ya ruɓewa. Ganye ya ruɓe, mai ma ƙwayoyin halitta sukan cinye shi a hankali, amma dalmar da ta faɗa laka tana nan sai dai ta sauya wuri.

To, ga inda wahalar aikin take. A cikin litar nan mai giram 40 na gishiri, zaibar da ke ruwan tsakiyar teku ba ta kai nanogiram 1 ba, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Dalma da kadmiyom su ma da nanogiram ake lissafa su. Wanda ke neman abu ƙanƙani haka, ƙurar da ta sauka daga gashin girarsa ta isa ta ninka masa sakamako. Masana da kansu sun daɗe ba su farga ba. Wani Ba'amurke mai suna Clair Patterson, wanda ya ƙiyasta shekarun duniya a biliyan 4.55 a 1956, shi ne ya yi ta fama da dalmar da ke shigar masa gwaji daga iska da ƙura da kayan aiki, har ya gina ɗaya daga cikin ɗakunan gwaji na farko masu tsananin tsabta. A shekarun 1970 ya nuna cewa yawancin lambobin dalmar ruwan teku da aka wallafa kafin nan, dalmar jirgi ce da ta kwalba da ta hannun mai awo, ba ta teku ba. Manyan jami'o'i ne fa suka fitar da waɗannan lambobi. Nakan ba ɗalibai labarin nan tun suna gaban baho, don su san ba wulaƙanci ne ya sa aka tsayar da su can ba.

Wankin da kansa yana da tsari. A fara da sabulun da ba shi da ƙarfe, a ɗauraye, sannan a jiƙa kwalbar a ruwan asid na kwanaki, a sake ɗauraye ta da ruwan da aka tace har babu komai a cikinsa, a shanya inda ƙura ba ta kai, a sa ta a leda, a sa ledar a wata ledar. Kwalbar roba ta yi wa dalma da kadmiyom, amma ba ta yi wa zaiba ba, don tururin zaiba yana ratsa jikin roba. Ita sai gilashi ko Teflon, wata roba ta musamman. Da rani, idan ƙurar yankin Tokar da ke kudu da mu ta taso ta rufe gari, muna toshe kowace kafa ta taga, wani lokaci ma mu dakatar da buɗe kwalba gaba ɗaya har ta lafa.

Zobe da agogo a cire. Mai shafa man kare fata daga rana ya haƙura, don da yawansu tutiya ce a ciki. Wanda likita ya cike wa haƙori da farin ƙarfen nan, kada ya yi numfashi a kan buɗaɗɗiyar kwalba, akwai zaiba a bakinsa. Wadda ta fi yi mini nauyin faɗa ita ce maganar kwalli. Dutsen kwalli na gargajiya, wanda iyayenmu mata ke niƙawa, dalma ce haɗe da farar wuta. Da na fara gaya wa wata ɗaliba, sai ta zaro ido ta ce, "Ustaz, wanda Inna ke sa wa jarirai?" Na ce, "Shi fa, 'yata." Washegari ta zo ido fayau, ta ce ta kwashe na ƙannenta ta ɓoye, ta kuma zauna da mahaifiyarta sun yi magana.

Ranar fita teku, da an idar da sallar asuba muke tashi, kafin iskar arewa ta yi ƙarfi. Idan an isa wurin, a kashe inji, a juya goshin jirgi ya fuskanci iska da igiyar ruwa, don hayaƙi da abin da ke zuba daga jikin jirgin su yi baya. Mutum biyu ne ke ɗiba. Ɗaya shi ne mai tsabtataccen hannu: ba ya taɓa komai sai ledar ciki da kwalba. Ɗayan shi ke taɓa igiya da akwatin ƙanƙara da ledar waje da littafin rubutu. Idan hancin na farko ya yi ƙaiƙayi, sai dai ya daure, ko ya sosa ya sake sabuwar safa. Daga nan a tace ruwan da matata mai ƙofofin maikiron 0.45 (maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), a ɗiga asid har awon tsaminsa ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin kwalba kafin a iso gida.

Mai jirgin da muka fi fita da shi wani dattijo ne Bahaushe, haifaffen Sawakin, wanda ya san tekun nan tun yana yaro. Fitarmu ta farko da shi, ya ga rana ta buɗe, sai ya ɗauko bokitinsa na kwano ya cika da ƙanƙara zai jera mana kwalabe a ciki, don kyautatawa. Na riƙe hannunsa.

"Baba, don Allah kada ka sa su a nan."

"Ɗana, bokitin da na wanke da hannuna? Ruwan shana nake zubawa a ciki."

"Na sani, Baba. Tsaf yake. Amma farin nan da aka shafe shi da shi tutiya ce, ita kuma tana cikin abin da muka fito nema."

Ya juya bokitin ya duba gindinsa, ya yi shiru, sannan ya tura shi can ƙarƙashin benci. Tun daga ranar shi ke tsawata wa sababbin ɗalibai. Kafin in buɗe baki za ka ji ya ce, "Kai yaro, sauke hannunka daga ƙarfen nan." Kuma shi ya nuna mana abin da taswira ba ta nuna ba: inda jan ruwan ambaliya ke tsayawa ya kwanta, inda laka take baƙa mai wari, inda ƙasan yashi ne zalla. Wurare da dama da muke ɗiba yau, da bakinsa aka zaɓe su. Ina ganin duk horon da ya bar masunta a waje ya yi asarar rabin malamansa.

A kowace fita akwai kwalba ɗaya da muke kira kwalbar shaida. Tsarkakakken ruwa ne a cikinta tun daga ɗakin gwaji. Tana shiga jirgi tare da sauran, a buɗe ta a teku, a tace ta, a ɗiga mata asid, ta dawo. Tun da mun san babu komai a cikinta, duk abin da na'ura ta gani a ciki mu muka sa shi. Akwai ɗalibar da kwalbar shaidarta ta nuna tutiya fiye da ruwan tekun da ta ɗebo. Ta zo ta tsaya gabana murya na rawa, ta ce ko za a cire wannan ɗaya kawai daga rahoto, tun da sauran lambobin sun yi kyau. Na ce mata sauran ba su yi kyau ba, kamar sun yi kyau ne. Abin da ya shiga waccan ya shiga waɗannan. Muka bi sawu ɗaya bayan ɗaya har muka gano wata baƙar roba da ke cikin murfin sababbin kwalabe. Aikin fitar gaba ɗaya ya tashi a banza, ga kuɗin mai, ga wahalar rana. Ta rubuta abin da ya faru a littafi da hannunta, da kwanan wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Lambar ƙarya ko dai ta kwantar da hankalin mutane alhali akwai haɗari, ko ta kashe wa mai sayar da kifi kasuwa ba gaira ba dalili, kuma da zarar an buga ta, wasu za su yi ta kwafa shekara da shekaru.

Haka nan nake hana su rubuta "babu". Kowace na'ura tana da iyakar abin da take iya gani. Abin da ya dace a rubuta shi ne "ƙasa da kaza", a faɗi kazan.

Gaskiya ma ruwa ba shi ne ya fi ba da labari ba, don na yau daban, na gobe daban. Laka ce ke riƙe abu. Muna sauke wani ƙarfe mai baki biyu ya cafko ta daga ƙasa, sai a sa cokalin roba a ɗebi ta tsakiya wadda ba ta taɓa jikin ƙarfen ba. A tankaɗe ta a ware mai laushin da bai kai maikiron 63 ba, saboda a jikin wannan ƙarafa suka fi mannewa; wanda ya gwada yashin wani wuri da taɓon wani wuri ya ce na biyun ya fi gurɓata, bambancin laushi kawai ya auna. Idan kuma aka kafa bututu aka zaro laka a tsaye, aka yanka ta fala-fala, ta ƙasa ita ce tsohuwa, ta sama sabuwa. Da wani nau'in dalma mai lamba 210, wanda rabinsa ke ƙarewa duk bayan shekara 22, ana iya sa wa kowane falle shekarunsa har zuwa wajen shekara 100 baya.

A nan ne nake yawan saɓawa da rubuce-rubucen da ɗalibai ke kawo mini. Sai yaro ya auna jan ƙarfe a lakar wata marsa, ya ɗauko matsakaicin awo na duniya daga littafi, ya ga tasa ta fi, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa wurin ya gurɓata. A'a, ɗana, tsaya tukuna. Duwatsun da ke bayan garin nan cike suke da ma'adinai tun fil azal. Ai shi ya sa ake haƙar zinariya a Ariyab da Jabait. Har ƙasan tekun ma haka yake. Tsakanin nan da Jidda akwai wani rami mai zurfin wajen mita 2,000 da aka sa wa sunan jirgin bincike Atlantis II, inda ruwan gishiri mai zafin da ya wuce digiri 60 ke kwance a kan laka mai ɗauke da tutiya da jan ƙarfe da azurfa da zinariya, har Sudan da Saudiyya suka ƙulla yarjejeniya a kansa a 1974. Ba masana'antar da ta zuba wannan. Saboda haka abin gwadawa shi ne lakar wurin kanta ta zamanin da, ko ta wata marsa mai nisa da mutane, irin na wajen Dunganab, wanda shi da Sanganeb suka shiga jerin wuraren gado na UNESCO a 2016. Kuma a auna alminiyom tare, don shi ke nuna yawan abin da dutse ya bayar da kansa.

Sai kifi, wanda shi ne mutane suka fi tambayata a kai. Da sassafe muke zuwa kasuwar Sigala mu sayi kifaye irin su najil da sha'ur da bayad, a auna tsawo da nauyin kowanne, a yanki tsoka daga gadon baya da wuƙar da ba ta ƙarfe ba. Tarayyar Turai ta sa iyakar zaiba a miligiram 0.5 a kilo ga yawancin kifaye, da miligiram 1 ga wasu manya masu cin 'yan uwansu. Amma wannan iyaka a kan ɗanyen nama take. Mu kuwa sau da yawa busasshe muke aunawa, kuma kusan kashi huɗu cikin biyar na tsokar kifi ruwa ne. Wanda ya manta ya mayar da lissafi, sai lafiyayyen kifi ya fito masa da ninki huɗu ko biyar. Ina da ƙanwa da ke suyar kifi tana ciyar da marayu da shi, don haka na san a kan wa irin wannan kuskure yake faɗawa. Shawarar da nake ba ta ita ce wadda likitoci ke bayarwa ko'ina: kifi abinci ne mai kyau, a ci, mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara dai su rage manyan mafarauta irin su girish, wato kifin shak, su fi karkata ga ƙanana.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne zaibar masu haƙar zinariya. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinariya ta zama madogara, matasa suka bazama duwatsu, har da namu na Gadarif da Kasala da Mai Wurno. Ana niƙa dutse a inji, a cuɗa garin da zaiba a ruwa, sau da yawa da hannu tsirara, a matse a ƙyalle, a ɗora dunƙulen a garwashi. Zaiba ta tashi ta bi iska, zinariya ta rage. Ragowar garin, wanda ake kira karta, a tara shi tsibi-tsibi a fili. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska daga irin wannan haƙa take fitowa. Ruwan sama a nan kaɗan ne, amma ranar da ya zo da ƙarfi yake zuwa, kwaruruka su cika su kwaso abin da ke gabansu, waɗanda suka fuskanci gabas su juye a teku. Kowa ya ga abin da ruwa ya yi a watan Agustan 2024, lokacin da madatsar Arba'at ta ɓalle, wadda a lokacin ita ce ke shayar da garin nan. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Idan zaiba ta kwanta a lakar da ba iska, wasu ƙwayoyin halitta sukan juya ta zuwa wani nau'i da ke shiga tsoka ya zauna. Ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya ci ƙaramin, a kowane mataki tana ƙara taruwa. Wanki ba ya fitar da ita, suya ba ta kashe ta, kuma ta fi ɓarna a ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. A Minamata ta Japan an gano cutar a 1956, bayan kyanwoyi sun yi ta haukacewa suna faɗawa teku, amma sai 1968 gwamnati ta tabbatar da cewa ruwan wata masana'anta ne sanadi. Shekara 12 ke nan ana jayayya, ana kuma zuba gubar. Mu Hausawa ma ba sai an kai mu Japan ba: a 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Zamfara, ba a kuma farga ba sai da ƙananan kaburbura suka yi yawa. Yarjejeniyar rage zaiba da aka sa wa sunan Minamata an ƙulla ta a 2013, ta fara aiki a 2017, amma takarda ba ta auna laka. Sai an sami mutum.

Ɗan yayata yana cikin masu haƙar. Da ya zo hutu na zaunar da shi, ban yi masa wa'azi ba, don na san abin da ya kai shi. Na nuna masa zanen wata 'yar tukunyar ƙonawa da ake haɗawa da guntayen bututun famfo, wadda ke kama tururin ya koma ruwan zaiba a ɗaya bakin maimakon ya shiga huhunsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kawu, kana nufin zaibar da nake saya da tsada za ta dawo mini?" Na ce mafi yawanta. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu.

Ta yaya za a san ɗalibi ya ƙware? Ba da takardar shaida ba. A kasuwar hatsi ta Gadarif, in gardama ta tashi a kan awo, akwai mudun da kowa ya yarda da shi da ake ɗaukowa a gwada na mai sayarwa. Mu ma muna da namu. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya tana da ɗakunan binciken teku a Monako tun 1961, suna shirya garin naman kifi da garin laka waɗanda aka riga aka tabbatar da yawan ƙarfen da ke cikinsu. Ɗalibi zai narkar da shi tare da nasa samfurin. In lambarsa ta faɗa inda ya kamata, a karɓi sauran aikinsa, in ta kauce ya sake daga farko. Sukan kuma aika wa ɗakunan gwaji na ƙasashe samfurin da ba a faɗi abin da ke ciki ba, kowa ya auna ya aika amsa, sannan a fito da sakamako kowa ya ga matsayinsa. Suna kuma horar da ma'aikata. A yankinmu akwai PERSGA, ƙungiyar kare muhallin Bahar Maliya da Tekun Adan mai hedikwata a Jidda, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Jidda ta 1982, ta haɗa Sudan da Saudiyya da Masar da Jodan da Yaman da Jibuti da Somaliya, ita ma tana shirya horo.

Ina ganin amfanin waɗannan kwasa-kwasai, amma ina da magana a kan yadda ake tura mutane. Sau da yawa babba ake turawa, wanda ya daɗe da daina riƙe kwalba, a bar ƙaramin ma'aikacin da zai yi aikin. Ko a tura mutum ɗaya tak, ya dawo ya tarar ba asid mai tsabta, ba iskar gas ɗin da na'ura ke ci, kafin shekara ta zagayo ya sami aiki a ƙetare ya tafi da iliminsa, kuma ba mai ganin laifinsa. A tura biyu-biyu, a tura masu hannu a aikin, a kuma sa kuɗin asid da safa da man jirgi a cikin lissafin horon tun farko. Sa ido ba aikin fita ɗaya ba ne. A kusa da tsibirin Bamuda an yi ta auna dalmar ruwan saman teku tun ƙarshen shekarun 1970, shi ya sa aka iya ganin yadda ta yi ta raguwa bayan Amurka da Turai sun daina sa ta a fetur. Da sau ɗaya aka auna aka tafi, ba wanda zai san ta ragu.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, garin nan ya cika ya batse da mutane, wuta kuma ta zama sai an gani. Mun yi asarar naman kifi a firji, na'ura takan yi makonni a rufe. Amma akwai abin da rashin wuta bai hana ba. Ana iya ɗebo laka, a busar da ita a inuwa a rufe, ba a wuta ba don zaiba tana gudu da zafi, a zuba a tsabtataccen mazubi, a rubuta wuri da rana da zurfi da sunan wanda ya ɗebo. Busasshiyar laka tana shekaru ba ta lalace ba, kuma giram kaɗan ya isa a aika wani ɗakin gwaji a waje. Lakar bana kuwa, in ba a ɗebe ta bana ba, baɗi wata ta hau kanta. Don haka ba mu dakatar da koyarwa ba.

Ga 'ya'yanmu da ke neman abin karantawa: Jami'ar Bahar Maliya da ke nan Bur Sudan tana da tsangayar kimiyyar teku da kamun kifi, Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda tana da tata, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah (KAUST) a garin Suwal na Saudiyya da aka buɗe a 2009 ga masu zurfafa karatu. Wanda ya karanta sinadarai ma ƙofa a buɗe take. Kuna da abin da wasu ba su da shi: za ku iya zama da mai haƙar zinariya da mai suyar kifi ku yi musu bayani da harshen da suka tashi da shi, su kuma su gaya muku abin da ba za su gaya wa baƙo ba.

Ruwan sama a bakin tekun nan da sanyi yake zuwa, wajen Nuwamba. Kafin ya sauka muna so mu ɗebo laka a bakunan kwarurukan da ke arewa da kudu da gari, da cikin tasha, da wata marsa mai nisa don gwadawa, sannan mu koma wuraren da kansu bayan ambaliyar farko. Baba mai jirgi ya ce in Allah Ya kai mu zai nuna mana wani lungu kudu da wuraren gishiri inda jan ruwa ke daɗewa bai washe ba, shi ma za mu sa shi cikin jerin.